Kafin a ce "a yi mata fomatin": jan hankali kan laftof ɗin gwanjo da tsohon Windows

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ɗalibai, malamai, masu shagunan buga takardu da 'yan uwana masu gyara, a kan laftof ɗin gwanjo da 'yan kasuwa ke kira tokumbo.

Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'armu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, inda kamfanoni ke sauya na'urorinsu bayan 'yan shekaru. Sai a loda su a kwantena, su sauka a Legas ko Kwatano, su ratsa Computer Village da ke Ikeja, su ƙaraso Farm Centre da titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja. HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad duk kayan ofis ne masu ƙwari, kuma sau da yawa sun fi sabuwa mai araha ƙarko. Matsalar tana wajenmu. Kowace cuta ta kama kwamfuta, magani ɗaya muka sani: a yi mata fomatin. Bayan an goge wa mutum takardunsa, sai kuma a ɗora masa Windows ɗin da kamfanin da ya yi shi ya daina kula da shi shekaru da suka wuce.

Bari in fara da ranar ciniki, domin a nan ake cin rabin mutane. Sitikar Core i5 ko Core i7 sunan dangi ne kawai, ba ta faɗin shekaru. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. In lamba uku ce, kamar i5-520M, zubin farko ne na wajen 2010. In huɗu ce, galibi lambar farko ita ce zubin: i5-3320M zubi na uku ne na 2012, i5-4300U na huɗu na 2013, i5-6300U na shida na 2015, i5-8250U kuma na takwas na 2017. Shi ya sa i7-2620M ta 2011 ba ta kama ƙafar i5-8250U ba, duk da sunan i7 da ke cika baki. Ƙwayar aiki biyu ke cikin ta farko, ta biyun kuwa huɗu. Kada kuma a yarda da abin da Windows ya nuna, domin ana iya sauya sunan furosesa a cikinsa. A BIOS ake dubawa, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da an kunna na'urar sai a yi ta danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Sunan samfurin ma bai wadatar ba: akwai ThinkPad T480, EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 masu furosesa zubi na bakwai, alhali yawancin 'yan uwansu na takwas ne. Wannan tazarar ta zubi ɗaya ita ke raba wadda Windows 11 zai hau bisa ƙa'ida da wadda ba zai hau ba.

Tun da an shiga BIOS, a gwada sauya wani abu a adana. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, a ajiye masa kayansa. A ThinkPad musamman, cire ƙaramin batirin agogo ba ya goge wannan makulli, sai an taɓa bod, wato babban allon cikin na'urar da duk sassa ke haɗe a kansa. A duba ko an kunna Computrace, wanda yanzu ake kira Absolute, domin tsohon mai na'urar na iya kulle ta daga nesa. Akwai kuma wata ƙulla da ba ta bayyana sai daga baya: wasu kamfanoni ba sa cire na'urorinsu daga rajistarsu ta Microsoft kafin su sayar, don haka ranar da aka sake ɗora Windows aka haɗa intanet, sai sunan wani kamfani ya fito yana neman shaidar ma'aikacinsa. Hanyar gane wannan ita ce a sake ɗora Windows a gaban mai sayarwa, da intanet a haɗe. In Dell ce, lambar Service Tag mai harafi bakwai da ke ƙarƙashinta za ta nuna a shafin kamfanin lokacin da ta fito da kayan da ta zo da su.

Batir ba a auna shi da "tana yin awa uku" na ɗan kasuwa. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, sai a buɗe rahoton da zai fitar. Layi biyu ake so: Design Capacity, wato ƙarfin batirin yana sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. In na farko ya ce 48,000 mWh na biyu ya ce 20,000, batirin ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa, sai a cire kuɗin sabo daga farashin. In an ga wurin shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya yi tozo, batirin ciki ne ya kumbura, kuma irin wannan yana iya kamawa da wuta. Shi kuma hadisk, manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta da ake iya yawo da ita a filash za ta faɗi lafiyarsa: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi. Layin 05 da C5 su ne wuraren da suka lalace a jikin faifan. In adadinsu ba sifili ba ne, ya fara tafiya. Tana nuna awannin da ya yi yana aiki, kuma awa 8,760 ke cikin shekara, sai mutum ya yi lissafinsa.

Sauran ba su da wahala. A buɗe farin shafi da baƙin shafi don ganin tabo a sikirin, a buɗe murfin a rufe don jin ƙarfin hinji, a danna kowane maɓalli, a soka filash a kowace kafa, a bar bidiyo yana tafiya minti goma sha biyar a ji zafinta. A kula da jerin haruffa: waɗanda suka fito daga Faransa da Beljiyam AZERTY ne, na Jamus QWERTZ. Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya saba da rubutun Faransanci wannan ba komai, amma ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB gara ya saba da QWERTY da zai tarar a cibiya.

To, an kai gida, wata rana ta ƙi tashi. Da caja ake farawa, domin ita ta fi kowa laifi a ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, ga janareta mai hawa da sauka. Dell bolt 19.5 take sha, HP 19.5 ko 18.5 a tsofaffin, Lenovo 20. Bolt ɗin caja dole ya dace da abin da aka rubuta a ƙarƙashin laftof. Amfiya kuwa in ta ɗara ba laifi, in ta gaza ne matsala. Bolt sau amfiya shi ke ba da wat: 19.5 sau 3.34 wat 65 ke nan, 19.5 sau 4.62 wat 90. Laftof mai neman 90 in aka ba ta 65, za ta kunna amma cajin zai yi ta jan ƙafa, caja kuma ta yi ta ɗaukar zafi.

Akwai siririyar allura a tsakiyar bakin cajar Dell da HP. Ba ita ke kai wuta ba, ita ke gaya wa laftof ƙarfin cajar. In ta karye, ko cajar jabu ce, Dell za ta rubuta a BIOS cewa ba ta gane caja ba, ta ƙi cajin batir, sannan ta rage gudun furosesa da gangan don kare kanta. Mai ita zai ce ta yi nauyi, a kai shago a yi fomatin, a dawo da ita yadda take. Ko sau goma aka yi fomatin ba zai gyara allurar caja ba. Mai awo da mita ya yi hattara kada tsinken mitar ya haɗa allurar da bangon ciki, domin nan take yake ƙona abin da ke ba da shaidar. Cajar jabu ana gane ta da rashin nauyi a hannu, da kuma yadda kibiyar linzami ke tsalle-tsalle da zarar an soka ta. In kuwa fitilar caja tana ci, amma da an soka ta a laftof sai ta mutu, akwai inda wuta ta haɗe a bod. Wannan aikin mai gyaran bod ne, kada a yi ta sauya caja ana asara.

In caja lafiya take, a cire ta, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa talatin, sannan a gwada da caja kaɗai. In fitila ta kawo, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin, RAM, wato katin ma'ajin wucin gadi na na'urar, ake zargi da farko. A zare shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir, a mayar har sai ƙugiyoyin gefe biyu sun kama. In guda biyu ne a gwada ɗaya bayan ɗaya, a kowane gurbi. A tsofaffin HP na ofis, fitilar Caps Lock mai ƙiftawa sau uku tana tsayawa RAM take nufi. In duk wannan bai yi ba, a haɗa ta da talabijin ko wani sikirin ta HDMI ko VGA. Hoto ya fito a can, bod lafiya yake. Sai a haska tocila a jikin sikirin ɗin a duba da kyau: in ana hango rubutu dishi-dishi, hasken baya ne ya mutu. In hoton yana zuwa yana ɗaukewa idan an motsa murfi, wayar da ta bi ta cikin hinji ce ta gaji, kuma ta fi sikirin araha nesa ba kusa ba. Wanda aka ce masa za a gasa bod da abin hura zafi don hoto ya dawo, ya sani sau da yawa gyaran ɗan lokaci ne. Ana yi wa na'ura haka ta kai ranar sayarwa, ta mutu a hannun wanda ya saya.

Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su yi ta cewa haɗin ba shi da tsaro, domin burauza na gwada takardar shaidar shafin da kwanan watan kwamfuta. A yawancin laftof yana naɗe cikin roba da waya biyu, sai a nemi mai irin bakinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutuwarsa na iya mayar da saitin BIOS na asali, ya sauya saitin faifai daga AHCI zuwa wani tsari ko ya sauya hanyar tashi tsakanin UEFI da Legacy. Sai Windows ya ƙi tashi, ya nuna shuɗin allo mai lamba 7B ko ya ce bai ga faifai ba. Komai na nan lafiya, saitin kawai za a mayar. Mutane da yawa sun rasa aikin kammala karatunsu a wannan gaɓar.

Zafi shi ne babban makashin laftof a ƙasarmu, kuma a nan zan ɗan daɗe. An ƙera waɗannan na'urori don ofis mai sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da fanka ke zuƙa wata da watanni. Ƙurar ba a jikin fanka take taruwa ba, tsakanin fanka da haƙarƙarin jan ƙarfen da iska ke fita take yin kitse har ta toshe hanya. Alamarta: fanka na ihu amma iska kaɗan ke fita, na'urar na nauyi bayan minti goma, ko ta ɗauke ɗif ana cikin aiki. Manhajar Core Temp ko HWMonitor za ta nuna zafin furosesa. In ba a aikin komai tana digiri 40 zuwa 55, lafiya. In tana 70 a zaune, ko tana haura 90 da an buɗe bidiyo, lokacin wanki ya yi. Hura iska daga waje ba ya isa, yana ma tura ƙurar ciki. A cire caja da batir, a buɗe, a ciro fanka, a zare kitsen ƙurar da buroshi. In za a hura da bulowa a riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da zai kashe ta. Sannan a kwance sukurorin jan ƙarfen bisa lambobin da aka rubuta a gefensu, a sa sifirit mai ƙarfi a goge tsohon man sanyaya furosesa (thermal paste) da ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a tsakiyar furosesa, a ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan a gicciye. Yawan man ba ya ƙara sanyi. Man goge baki da wasu ke sawa kuwa bushewa yake cikin kwanaki. Ƙananan kushin masu laushi da ke kan wasu sassan a mayar da su inda suke. A yanayinmu wankin nan ya kamata a yi shi duk shekara bayan hunturu, kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma, domin yawancinsu ta ƙasa suke shan iska.

Nauyin da ba na zafi ba kuma ba na caja ba, a buɗe Task Manager a duba. In faifai na nuna kashi 100 kullum, tsohon hadisk mai juyawa ne ya gaza. Babu gyaran da ya kai sauya shi da SSD, wato ma'aji mai sauri marar faifai mai juyawa, riba: laftof ta 2012 mai ɗaukar minti biyu ko uku kafin ta tashi za ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. SSD mai inci 2.5 na SATA yana shiga gurbin tsohon kai tsaye, kuma 256GB ya ishi ɗalibi. Masu gurbin M.2 su bincika ko SATA yake karɓa ko NVMe, domin suna kama a ido. Akwai SSD da filash na jabu masu ƙaryar girma, manhajar H2testw na tona su. RAM kuma 8GB shi ne daidai a yau. Zubi na biyu da na uku DDR3 mai bolt 1.5 suke sha, na huɗu da na biyar DDR3L mai bolt 1.35, bakinsu ɗaya, amma in aka sa na farko a gurbin na biyu galibi ba za ta tashi ba. A duba takardar jikinsa, PC3L ko PC3. Daga zubi na shida zuwa sama yawanci DDR4 ne. Wanda ke da Windows mai bit 32 kuwa, ko 8GB ya sa, bai wuce uku da 'yan kai zai mora ba.

Hadisk ɗin da ya fara ƙara ƙwas-ƙwas a kashe shi, a kwashe abin da ke ciki kafin komai. Shuɗin allo mai sauya saƙo kowane lokaci kuma a gwada RAM da MemTest86, ko gwajin da ke cikin na'urar: F12 a Dell, Esc sannan F2 a HP.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Microsoft ya daina fitar da facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ramukan da masu kutse ke bi, ga Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Ga masu Windows 10 zubin 22H2 an buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda a 2025 aka sanar cewa na mutanen gida zai ƙare 13 ga Oktoba 2026. Office 2016 da 2019 ma wa'adinsu ya cika rana ɗaya da Windows 10, balle 2007 da 2010 da har yanzu ake ɗora wa mutane. Kwamfutar ba ta daina aiki a ranar, shi ya sa ba a damu ba. Kamar gida ne da maigadi ya bar aiki: ginin na nan, amma duk ƙofar da ɓarawo ya gano daga ranar ba mai sake rufe ta. Kuma kowane wata da aka fitar da faci ga sabon Windows, masu kutse na nazarinsa su gano ramin da aka toshe, su je su same shi a buɗe a tsohon, tunda tushensu ɗaya.

An ga misalin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin WannaCry ya bazu a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Ba sai mutum ya danna komai ba, ta hanyar sadarwa yake shiga da kansa, ta wani rami da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ya ci. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin cikin abin da masu gyara ke yi da sunan taimako har da kashe Windows Update "don kada ya sha data".

Manhajar kashe bairos ba ta maye gurbin faci. Burauza ma ta bi sahu: Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe ga Windows 7 da 8.1, Firefox ya tsaya a 115, a XP kuwa Chrome ya tsaya tun a 49. Shi ya sa shafin banki, na Remita ko na rajistar makaranta ke buɗewa rabi-rabi ko ya ƙi gaba ɗaya, mai shago ya ɗora laifin a kan sabis. Abin tsoron ya fi yawa a shagunan da ake yi wa jama'a rajista, inda takardun NIN, lambobin BVN, hotuna da sakamakon jarrabawa na ɗaruruwan mutane ke zube a kan Windows 7 mai haɗe da intanet. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya karɓe su, kuma ko ba doka amana ce.

Sai maganar kirak. Manhajojin da ake "kunna" Windows da Office da su, sai an kashe kariyar kwamfuta kafin su hau, kuma hanya ce sananniya ta shigar da masu satar kalmar sirri. Haka Windows ɗin da wasu suka rage wa kaya suka sa masa suna Lite, wanda galibi an cire masa sabuntawa da Defender. Abin takaicin shi ne yawancin laftof ɗin ofis da suka fito da Windows 8 zuwa sama suna da lasisinsu na halal a cikin bod. In aka sauko da Windows daga shafin Microsoft, aka sa a filash mai 8GB, aka ɗora irin wanda ta zo da shi, galibi Pro, sau da yawa da kansa zai kunnu idan ya ga intanet. Ana biyan kuɗi a sa wa mutum na sata alhali yana da nasa.

Me za a ɗora ke nan? Windows 11 na neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0, UEFI, RAM 4GB, ma'aji 64GB, da furosesa Intel zubi na takwas ko AMD Ryzen 3000 (a laftof) zuwa sama. Mai irin wannan ya hau kawai. In ta ce babu TPM, a duba BIOS, sau da yawa a kashe yake. Mai zubi na shida ko na bakwai yana iya tsallake shingen da manhajar Rufus, kuma yana tafiya lafiya in akwai SSD da 8GB. Amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura faci ba, kuma babban sabuntawar shekara-shekara galibi sai an ɗora da hannu. A ganina ya yi wa mai amfanin kansa da ya san abin da yake yi, bai dace da shagon da ke riƙe da takardun mutane ba. Core 2 Duo kuwa kada a wahalar da kai, zubin 24H2 ba ya ma tashi a kanta.

Ga masu zubi na biyu zuwa na bakwai, shawarata Linux Mint, wanda ake ɗorawa a madadin Windows. Kyauta ne, ba kirak, zubi na 22 yana da faci har 2029, kuma nau'in Xfce na tafiya da RAM 4GB ba gardama. Yana zuwa da Firefox na zamani da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, Chrome da Zoom na hawa, akwai kuma jerin maɓallan Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ kamar yadda yake a Windows. Daɗinsa ana iya tashin sa daga filash a gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. In Wi-Fi bai fito ba, galibi katin Broadcom ne. A haɗa waya ta USB a ba ta intanet, a buɗe Driver Manager a ɗora direban. Wanda aikinsa duk a burauza yake yana iya gwada ChromeOS Flex na Google, masu bit 32 da RAM 1GB ko 2GB kuma antiX.

Sai dai a faɗi gaskiya, Linux ba na kowa ba ne. CorelDraw, Photoshop da AutoCAD ba sa hawa yadda ya kamata, takardar Word mai ado da yawa na iya gocewa a LibreOffice, manhajojin ɗaukar zanen yatsa na hukumomi Windows suke nema, firinta irin Canon LBP2900 kuma sai an sha fama. Mai shagon da injin yankan sitika ko tsohuwar firintarsa ba ta aiki sai da Windows 7, ya bar ta a kai, amma ya raba ta da intanet kwata-kwata: a kashe Wi-Fi daga BIOS, a zare waya, a yi aiki da asusun da ba na mai cikakken iko ba, a kwafi faifan gaba ɗaya da manhajar Clonezilla a ajiye don ranar ɓaci. Rajista da harkar banki a yi su a wata na'urar mai samun faci. Hanyar cuta da ta rage ita ce filash ɗin kwastoma, musamman bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a madadinsu. Kada a danna su. In filash ɗin E ne, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a Command Prompt, fayilolin za su bayyana, a kwashe su, sannan a goge filash ɗin.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta da su sa mambobinsu rubuta abu huɗu a rasit: cikakkiyar lambar furosesa, lambar jikin na'ura, ƙarfin batir da ya rage, da kwanakin garanti. Makarantun da ke cewa kowane ɗalibi ya zo da laftof su riƙa faɗin zubin da ake bukata, kada uba ya sayar da amfanin gona ya sayo i7 ta 2011. Masu gyara kuma mu riƙa tambayar mai kaya ko ya kwashe takardunsa kafin mu taɓa faifai, mu daina jefa mataccen batir cikin sharar da za a cinna wa wuta, domin fashewa yake. A naɗe bakinsa da salatif a ware shi wuri mai inuwa har a miƙa wa masu karɓar irin wannan kaya.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Kano.